Yadda Ake Zama Ɗan Gida a Ƙasar da Aka Je Aikin Sa-kai: Misalin Gambiya

Tun 1987, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Farfesa Bolaji Akinyemi ke ministan harkokin waje, Najeriya ke tura malamai da likitoci da ma'aikatan jinya da injiniyoyi aikin sa-kai na shekara 2 zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik, a ƙarƙashin shirin da aka fi sani da TAC. Gambiya na cikin ƙasashen da suka daɗe suna karɓar waɗannan ma'aikata, a makarantunta da asibitocinta da jami'arta da aka kafa a 1999.

Bahaushen da aka tura can zai tarar da abubuwa da yawa kamar a gida. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen Musulmi ne, ana doguwar gaisuwa, ana girmama goro, ana cin abinci a kwano ɗaya. To a nan ne mutum ke yin sake. Sai ya ɗauka ya riga ya san komai, ya daina tambaya, ya rufe ƙofarsa bayan an tashi daga aiki, ƙarshen mako kuma ya nufi wurin 'yan ƙasarsa a Serekunda. Shekara 2 ta wuce bai taɓa zama a tsakar gidan kowa ba. Shiga cikin mutane yana da hanya, kuma ana fara bin ta tun kafin a hau jirgi.

Da zarar ka san garin da za a kai ka, bincika harshen da ake yi a can. Turanci ne harshen gwamnati, amma ba da shi ake hira a gida ba. A Banjul da Serekunda da manyan kasuwanni Wolof ya fi tafiya. A Brikama da yankunan Kiang da Jarra da Baddibu, Mandinka ne. A Foni akwai Jola, can gabas wajen Basse kuma Fulani da Sarahule sun yi yawa. Mai jin Fulatanci ya sami babbar sa'a, ko da yake zai ji karin harshen nasu ya bambanta da na Adamawa ko Sakkwato. Sannan ka haɗa tsaraba mara nauyi: hulunan Kano ko na zanna, turaren wuta, yajin ƙuli, dabino. Ka sa manyan kaya na fita kunya aƙalla biyu a jaka, domin gayyatar suna da ɗaurin aure za ta zo maka tun ba ka gama sanin hanya ba.

Aikinka na makon farko shi ne neman mai masauki. Ba wanda ya ba ka ɗaki nake nufi ba, wannan gwamnatin ƙasar ce ke yi. Ina nufin magidancin da za a riƙa danganta ka da shi, wanda idan an tambayi baƙon wane ne kai, za a ambaci sunansa. Mandinka suna kiransa jaatiyo, kuma matsayi ne mai nauyi a wurinsu. Kada ka yi gaggawar zaɓa. Wanda ya fara rugowa da fara'a ranar da ka sauka ba lallai shi ne mutumin ba. Ka duba cikin abokan aikinka ko sahun masallacin unguwa, ka ga dattijon da mutane ke rage murya idan ya yi magana. Idan ƙauye ne ko ƙaramin gari, ka roƙe shi ya kai ka wurin alkalo, wato mai gari, da limamin gari. Ka sayi goro mai kyau a ƙunshe shi a takarda, ka miƙa wa mai masaukinka, shi zai miƙa, shi kuma zai yi bayanin ko kai wane ne da abin da ya kawo ka. Za ka ga magana tana bi ta bakin mutum biyu ko uku kafin ta isa kunnen alkalo, alhali yana zaune gabanka yana ji. Ka yi haƙuri ka bar ta ta bi hanyarta. Idan an ɗaga hannu don addu'a, an karɓe ka ke nan.

Daga nan sai gaisuwa. Sallama dai iri ɗaya ce. Bayanta ka haddace kaɗan ka riƙa amfani da su kullum, ko da bakinka na karyewa. Ga Mandinka, «Kori tanante?» a amsa «Tanante», a tambaye ka mutanen gida da «Suumoolu lee?» ka ce «I be jee», godiya kuma «Abaraka». Ga Wolof, «Nanga def?» a amsa «Mangi fi rek», godiya «Jerejef». Akwai wata al'ada da ba mu da ita: mutum biyu na gaisawa suna maimaita sunan zuriyar juna, wannan ya ce Sise, wancan ya ce Jallo, har sau da yawa. Saboda haka ka riƙe sunan gidan kowa fiye da sunansa na yanka. Ba za a daɗe ba su ma za su ba ka sunan gidan mai masaukinka, wataƙila har su nuna maka takwara a cikin yaran. Ka karɓa hannu bibbiyu, ka amsa duk inda aka kira ka da shi.

Babban wurin da ake gane baƙo shi ne gaban kwano. Abincin rana shi ne babba, ana sauke shi bayan azahar, wajen ƙarfe 2 zuwa 3. Duk inda ka wuce ana ci za a kira ka, ko a ofis, ko a tasha. Idan ba za ka ci ba, ka yi godiya ka ce ka ƙoshi. Amma a gidan mai masaukinka da na maƙwabta, ka zauna ka ci. Za a ajiye faffaɗan kwano a kan tabarma, shinkafa a shimfiɗe, kifi da kabeji da rogo da gauta a tsakiya. Ka cire takalmi, ka wanke hannu, ka ci daga gabanka kawai, kana dunƙula loma da hannun dama. Abin da ke tsakiya na kowa ne, kuma ba a kai masa hannu da garaje. Babbar macen da ke wurin, ko maigidan, zai riƙa gutsuro kifin da yatsu, ya cire ƙaya, ya tura wa kowa gabansa. Kai baƙo za ka ga tsoka mafi kyau tana ta faɗowa gabanka. Kada ka mayar, kada ka ce ya yi yawa. Ka ci, in ka ga dama ka tura wa yaron da ke gefenka wani yanki. Yaran za ka gan su sun sunkuyar da kai, sun dafe bakin kwanon da hannun hagu don kada ya juya. Ba a yawan surutu. Idan ka ƙoshi ka tashi ka ba da wuri, ka ce «N faata» ko «Suur naa». Za a ce ka ƙara, sau biyu ko uku. Ka ɗan ƙara loma ɗaya, sannan ka tashi da godiya, ka kuma nemi wadda ta yi girkin ka yaba mata da bakinka.

Abincin ba zai ba ka wuya ba. Benachin dafa-duka ce ta shinkafa da kifi ko nama. Domoda miyar gyaɗa ce mai kauri. Supakanja miyar kuɓewa ce da manja da busasshen kifi. Yassa kaza ce ko kifi da albasa mai yawa da lemon tsami. Da safe akwai burodin tapalapa da wake, ko kunun gyaɗa da shinkafa. Wonjo kuwa zoɓo ne. Abin da Bahaushe zai yi kewa shi ne tuwo, domin shinkafa ce kusan kullum. Ranar da kewar ta motsa, ka sayo gari da kuka ka tuƙa da yawa, ka aika wa gidan mai masaukinka a kwano mai murfi. Kwanon ba zai dawo wayam ba.

Bayan cin abinci sai ataya, wato shayi. Mutanen Agadas da Damagaram da Tawa ba sa buƙatar bayani a nan. Saurayi ɗaya zai zauna gaban ɗan murhun gawayi da 'yar buta, ya zuba ganyen shayi na Sin, ya bar shi ya tafasa har ya yi baƙi, ya zuba sukari da yawa da na'ana'a. Sai ya ɗaga hannu sama yana tsiyaya shi daga wannan ƙaramin kofin gilashi zuwa wancan, ya mayar, ya sake, har kumfa ta tsaya rabin kofin. Ya ɗauraye bayan kofunan, ya ɗora a faranti, a fara da babba ko baƙo. Kofunan biyu ne ko uku ga mutum goma, don haka ka kurɓe naka da wuri ka mayar. Zagaye uku ake yi, na farko mai ɗaci ne ƙwarai, na ƙarshe zaƙi ne zalla, kuma abin na iya cin awa biyu. A ganina babu inda ma'aikacin sa-kai zai fahimci garin da yake aiki kamar wannan zama. A nan malami zai ji dalilin da ya sa ajinsa ke raguwa lokacin cirar gyaɗa, likita ya ji abin da ya sa mata ba sa zuwa awo sai ciki ya tsufa. Ka riƙa zuwa bantaba, dandalin da ke ƙarƙashin bishiya, ko da sau biyu a mako. Jefi-jefi ka aiki yaro kanti ya sayo ƙullin ganye da sukari. Mai ciwon suga ko gyambon ciki ya faɗa tun farko, ba wanda zai ga laifinsa. Ke kuma 'yar'uwa, taki majalisar tana tsakar gida, wurin daka da tsintar shinkafa da kitso, da ƙungiyoyin mata masu lambu da adashe. Ki nemi a sa ki a ciki.

Idan wata ɗaya ya wuce kana ci a gidan mutane, lokacin ɗaukar kaya ya yi. Mutanen nan suna ciyar da baƙo ko da ba su da shi, kuma ba za su taɓa faɗa maka buhu ya kusa ƙarewa ba. Kada ka zaro kuɗi bayan cin abinci, wannan cin fuska ne. Ka sayi buhun shinkafa mai kilo 50 ko jarkar mai, ka sa a kai gidan lokacin da ba kowa a waje. Ko ka ba uwargida kuɗin cefane a keɓe a farkon wata, ka ce a ƙara a sayi kifi. Da azumi ka kai sukari. Da Tobaski, wato Babbar Sallah, da Korite, Ƙaramar Sallah, ka tanadi canjin dalasi, domin yara za su zo yawon barka da Sallah ƙungiya-ƙungiya.

Duk sha'anin da ya taso a unguwa ka halarta. Suna ana yin sa mako guda bayan haihuwa, a aske jariri, a yanka dabba, maroƙan da ake kira jali su yi ta wasa zuriyar kowa. Ka riƙe ƙananan takardun kuɗi dominsu. Jana'iza da zaman makoki sun fi komai muhimmanci, ko ba ka san mamacin ba. Da Ista maƙwabta Kirista za su aiko da nanburu, wanda ake yi da garin 'ya'yan kuka da shinkafa, kamar yadda ake kai musu naman layya. Ka karɓa da godiya. Idan ka ji Bafulatani da Baserere, ko Baserere da Bajola, suna yi wa juna baƙar magana suna dariya, wasan taubasai ne irin na Fulani da Barebari. Ka tambayi su waye abokan wasan gidan da aka ba ka sunansa, ka fara da su a hankali. Lokacin kaciyar yara kuwa dodon da ake kira Kankurang na fitowa, sanye da ɓawon itace da ganye, riƙe da adduna. Ko kana da ra'ayi a kan al'adar, ka kauce masa hanya, kada kuma ka ɗaga waya don hoto sai an ba ka izini.

Ka zaga ƙasar a motar haya da ake kira gele-gele. Ka tsallaka kogi a jirgin ruwa daga Banjul zuwa Barra, ka ci kasuwar Lahadi ta Farafenni, ka ga duwatsun Wassu da tsibirin Kunta Kinte. Daga Farafenni, inda aka buɗe gadar Senegambiya a 2019, hanya ta miƙe zuwa Kaulaha ta Shehu Ibrahim Inyass a Senegal, ga mai son ziyara. Ka nemi izinin shugabanninka kafin ka ƙetare iyaka.

Akwai maganganu masu nauyi da za su same ka. Mulkin Yahya Jammeh daga 1994 zuwa 2017 ya bar tabo a gidaje da yawa, kuma a majalisa ɗaya za ka sami wanda aka zalunta da wanda har yanzu ke ƙaunarsa. Ka saurara, ka riƙe ra'ayinka. Samari za su tambaye ka labarin hanyar Agadas zuwa Libiya, domin 'yan Gambiya da yawa sun bi ta neman shiga Turai, wasu ba su dawo ba. Ka faɗa musu gaskiyar abin da ka sani game da hamada da teku, kada ka yi alkawarin biza ko aiki. Rance kuma, ka bayar da abin da za ka iya yafewa kawai. Idan zancen aure ya shigo zuciyarka, ka bi ta hannun mai masaukinka da iyayen yarinya, da sanin naka iyalin.

Sallama ana fara ta tun saura mako biyu. Ka bi gida-gida, ka koma wurin alkalo da liman da goro kamar yadda ka zo, ka nemi gafarar kowa. Idan wani ya miƙo maka hannun hagu ranar tafiya kada ka yi mamaki, al'adarsu ce ga mai doguwar tafiya, fatan a sake haɗuwa a gyara da dama. Kayan ɗakinka, katifa da tukwane da fanka, ka damƙa wa mai masaukinka ya raba, shi ya san wanda ya fi buƙata. Ka biya duk bashin kanti. Sannan ka rubuta wa wanda zai gaje ka takarda ka bar ta wurin shugaban makarantar ko asibitin, da sunayen dattawan da zai fara gaisarwa, da ranar kasuwa, da gidajen da suka ciyar da kai.