Takardar Shaidar Rasuwa: Kada Rashin Cikakken Bayani Ya Hana Mu Nema

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi takardar shaidar rasuwa, wadda ma'aikata ke kira "acte de décès". Mu Musulmi mukan yi jana'iza ranar da aka rasu, sai zaman makoki ya ɗauke hankali. Wasunmu kuma sukan ce, "Ba mu san ranar haihuwarsa ba, katinsa ya ɓace a hanya," sai su haƙura. To, rashin cikakken bayani ba ya hana a rubuta rasuwa. Jinkiri ne ke wahalar da aikin.

Me ya sa ake bukatarta?

Da ita matar mamaci za ta nuna cewa mijinta ya rasu, ko wajen rabon gado ko in za ta sake aure bayan takaba. Da ita mai riƙon marayu zai tsaya musu a makaranta da kotu. Da ita kuma ake gyara rajistar iyali a wajen HCR. Mun san wasu na tsoron cire suna don kada taimako ya ragu, amma rajistar da ta saɓa wa gaskiya za ta iya tsayar da takardun gidan duka nan gaba.

Ina za mu je?

Ana rubuta rasuwa a inda ta faru. In a Garou ce, sai ofishin arondisma, ƙarƙashin ma'aikatar magajin garin Malanville. In a asibitin Kandi ko Parakou ce, can za a nema. In a Gaya ce, ƙetaren kogi, hukumomin Nijar ne ke bayarwa. Mu lura, takardar da likita ya ba mu shaida ce da za mu kai ofis, ba ita ce takardar hukuma ba.

Me za mu faɗa?

Na ɗaya, sunan mamaci na yanka, ba laƙabi ba.

Na biyu, rana da wurin rasuwa. In kwanan wata ya shige mana, mu tambayi limamin da ya yi sallar gawa da mai gari.

Na uku, abin da muka sani na iyayensa, garinsu da matarsa ko mijinta.

Na huɗu, duk takardar da ke hannu: katin gudun hijira, katin asibiti, ko lambar NPI ta hukumar ANIP in yana da ita.

In ba mu san ranar haihuwa ba, mu faɗi shekarunsa bisa ƙiyasi, mu bayyana cewa ƙiyasi ne. Abin da ba mu sani ba, mu ce ba mu sani ba. Kada mu ƙago. Kuma kafin mu sa hannu, a karanta mana rubutun, mu tabbata an rubuta sunan harafi da harafi kamar yadda yake a katinsa. "Usman" da "Ousmane" kan zama mutum biyu a idon ma'aikaci.

Dokar Benin ta sa wa'adi na 'yan kwanaki. In ya wuce, sai an bi ta kotu da shaidu, ga kuɗin mota ga zirga-zirga. Saboda haka, tun kafin sadakar uku, a zaɓi mutum ɗaya ya tafi da maƙwabcin da ya halarci jana'iza. Wanda ba ya jin Faransanci ya zo ofishinmu mu haɗa shi da tafinta.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.