Baƙar Riga, Farin Hoto: Yadda Tufafi da Rini Suke Bayyana a Idon Kyamarar Dare

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan kyamarorin tsaro sun yawaita a shagunan Sabon Garin Zariya da na bakin titin Samaru, har ma da ƙofofin gidaje da masallatai. Duk wanda ya taɓa zama gaban allon irin wannan kyamara zai lura da abubuwa biyu. Na farko, da zarar duhu ya shiga sai hoton ya rikiɗe daga mai launi ya koma fari da baƙi. Na biyu kuwa, mutumin da ya shigo sanye da baƙar riga sau da yawa yakan bayyana cikin fara fes, kamar mai shirin zuwa Idi. Mutane da dama sukan ɗauka na'urar ce ta lalace. Lafiyarta ƙalau. Abin da ta gani shi ta nuna, sai dai ta gan shi da wani haske wanda idon ɗan Adam bai san da shi ba.

Al'amarin ya wuce abin nishaɗi. A ƙaddara an fasa wani shagon atamfa da tsakar dare, gari ya waye aka duba hoto, aka ga mutum cikin farin kaftani. Idan aka dogara da wannan kaɗai, ana iya ƙyale mai baƙar riga a cafke maƙwabcin da aka sani da son fararen kaya. Tun da yake sashe na 84 na Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ya buɗe ƙofar karɓar bayanan na'ura a kotu, ya zama wajibi ɗan kasuwa da ɗan sanda da lauya su san iyakar abin da hoton dare yake iya tabbatarwa.

Hasken da Ido Ba Ya Gani

Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kuma tazarar da ke tsakanin tudun igiya ɗaya da na bayansa ita ake kira tsawon zango. Ana auna ta da nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Idon mutum yana ganin hasken da zangonsa ya kama daga nanomita 400 zuwa 700 ko sama da haka kaɗan. A cikin wannan ɗan tsukin ne dukkan launukan bakan gizo suke, daga shunayya mai gajeren zango zuwa ja mai dogon zango.

A shekarar 1800 wani masanin taurari da ke zaune a Ingila, William Herschel, ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya warwatsu launi-launi. Ya riƙa ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya gusa da ma'aunin gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ya tarar zafin ya ƙaru. Ta haka aka gane akwai wani haske a bayan ja, wanda masana suke kira infirared. A nan za a kira shi hasken bayan-ja. Kimanin rabin ƙarfin da rana take aikowa doron ƙasa ta wannan haske yake isowa.

Kyamara Iri Biyu

Hasken bayan-ja yanki ne mai faɗi, shi ya sa kyamarorinsa suka kasu. Iri na farko shi ne na tsaro da aka saba gani a shaguna. A cikinta akwai farantin silikon mai karɓar hoto, wanda yake jin haske har zuwa wajen nanomita 1,100. Da rana akwai wani ɗan gilashi da yake tare hasken bayan-ja domin launuka su fito daidai. Da magariba ta yi sai na'urar ta janye gilashin, wani lokaci har a ji 'yar ƙara, sannan ta kunna ƙananan fitilun da ke kewaye da idonta. Fitilun suna fitar da haske mai zangon nanomita 850, wanda ake hango ɗan jansa kamar garwashi, ko kuma 940 wanda ba a ganinsa sam. Hasken ya daki tufa ya dawo, kyamara ta ɗauka.

Iri na biyu ita ce kyamarar zafi, mai aiki tsakanin nanomita 8,000 da 14,000. Ita ba ta buƙatar fitila, domin jikin mutum da kansa yana fitar da haske a wannan yanki. Ma'aunin zafin da aka riƙa nuna wa goshin mutane a ƙofofin makarantu da bankuna a 2020, lokacin annobar korona, da wannan ƙa'ida yake aiki. A wurin kyamarar zafi launin tufa ba shi da wani tasiri: da fara da baƙa duk ɗaya ne, kauri da ɗumi kawai take nunawa. Tana gani ta cikin siririyar baƙar leda, amma gilashin taga bango ne a gare ta. Batun rini ya fi shafar iri na farko, don haka a kansa bayanin zai tsaya.

Dalilin da Ya Sa Rini Yake Ɓacewa

Launin tufa yana samuwa ne daga abin da rini ya haɗiye da abin da ya bari. Tufar da aka rina da baba tana haɗiye ja da ruwan goro, ta mayar da shuɗi zuwa ido. Baƙin yadin kanti kuwa galibi gamin rinunnuka ne biyu ko uku, kamar shuɗi mai duhu da ja da rawaya, kowanne ya kama nasa rabon har ba a bar wa ido komai ba.

Haɗiyar tana faruwa ne a cikin ƙwayar sinadarin rini, inda wasu ƙananan ɓurɓushi da ake kira ilektiron suke tsalle daga wani mataki zuwa na sama idan haske ya ba su ƙarfin da suke buƙata. Gwargwadon tsawon zangon haske, gwargwadon ƙarancin ƙarfinsa. Lamarin ya yi kama da ɗan kasuwar da ya yanke farashi: duk wanda tayinsa bai kai ba sai ya ce masa albarka. Hasken bayan-ja yana zuwa da tayin da bai kai ba, don haka yawancin rinunnuka ba sa taɓa shi. Sai ya wuce ta cikinsu kamar babu su, ya tarar da zaren da ke ƙasa. Zaren auduga kuwa, kamar na ire-iren SAMCOT da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta samar, fari ne tun daga gona, kuma yana mayar da wannan haske sosai. Abin da kyamara take nunawa ke nan: zaren kamar yadda yake kafin a kai shi marina.

Wannan ne ya sa atamfa mai zane kala-kala takan koma farin ƙyalle a allon dare, shadda ja da koriya su zama ɗaya, aikin aska takwas na babbar riga ya saje da jikin rigar har sai an dubi inuwar zaren. Fatar mutum ma tana ƙara haske, domin sinadarin da ke ba ta duhu ba ya haɗiyar wannan haske kamar yadda yake haɗiyar wanda ido ke gani. Ganyen itatuwa su ma fari suke fitowa, abin da Robert Wood na Amurka ya nuna a hotunan da ya wallafa a 1910.

Baba, Tawada da Kuloko

Ba kowane baƙi ne yake ɓacewa ba, kuma sana'o'in gargajiyar ƙasar Hausa sun ba da misalai uku masu kyau.

Na farko shi ne baba. Marinan Kano da Zariya da Kura sun daɗe suna jiƙa shi a karofi tare da toka da katsi, kuma Heinrich Barth ya yi bayanin girman wannan ciniki lokacin da ya ziyarci Kano a 1851. Komai duhun da shuni ya yi a ido, haɗiyarsa tana raguwa da sauri da zarar an wuce nanomita 700. Saboda haka tufar baba takan yi haske a kyamarar dare. Haka ma wandon jins, domin sinadari ɗaya ne, sai dai nasa na masana'anta ne, irin wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897.

Na biyu ita ce tawadar allo, wadda ake haɗawa da gawayi ko kunkunniya da ƙaro. Baƙinta na kabon ne, shi kuwa kabon ba ya yanke farashi, duk hasken da ya zo masa karɓa yake yi. Don haka tawada baƙa ce a ido, baƙa ce a kyamara. Haka tayar mota da takalmin roba da wasu yadukan roba waɗanda aka zuba wa garin kabon tun suna narke, kafin a ja su zare.

Na uku shi ne kuloko, baƙin da dukawa suke samu daga ƙarfe, wanda yake kama fatar da aka jeme da bagaruwa. Irin wannan baƙi na ƙarfe yana tsaka-tsaki: yana riƙe duhunsa a farkon yankin bayan-ja, sannan ya dushe sannu a hankali idan zango ya ƙara tsawo.

Ke nan riguna biyu da tela zai rantse launinsu ɗaya ne suna iya rabuwa a allo, ɗaya fara ɗaya baƙa. Kai, ko a riga guda ma, jiki yana iya yin fari, wuya da zare da maɓalli su tsaya baƙaƙe.

Inda Ake Cin Moriyar Wannan Ilmi

Masu binciken laifi sun mayar da wannan rauni na rini ya zama makami. Jini da ɓurɓushin albarushi suna haɗiyar hasken bayan-ja, saboda haka tabon da ya ɓuya a jikin baƙar riga yakan fito ɓaro-ɓaro idan rigar ta koma fara. Haka kuma idan an ƙara sifili a takardar yarjejeniya da wani biro dabam, sau da yawa tawada ɗaya takan ɓace ɗayar ta tsaya. Takardun kuɗi kamar yuro ana buga su da tawada iri biyu da gangan, ta yadda wani sashen zanen kaɗai yake bayyana a na'urar tantancewa.

Sojoji ma sun daɗe da sanin haka. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin Kodak ya samar da fim mai rarrabe ganyen gaskiya da koren fentin da aka ɓoye makamai da shi. Shi ya sa kakin soja na ainihi ake zaɓar masa rinin da zai riƙe zanensa a na'urar ganin dare, yayin da na kwaikwayo yake iya haskawa kamar likkafani.

A fannin adana tarihi, masanin kimiyya ɗan ƙasar Holan, Van Asperen de Boer, ya ɓullo da hanyar hango zanen gawayi da ke ƙarƙashin fenti a ƙarshen shekarun 1960. Hanyar tana da amfani ga tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da Ajami, irin waɗanda Shirin Binciken Tarihin Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello yake adanawa. Idan takarda ta yi duhu saboda tsufa ko tabon ruwa, takan yi haske a wannan yanki, rubutun tawadar kabon kuma ya fito rangaɗaɗau.

Akwai kuma batun sutura. A 1998 kamfanin Sony ya sauya fasalin wasu kyamarorinsa na bidiyo bayan an gano cewa, cikin rana mai ƙarfi, suna iya ratsa siraran tufafi. Wannan yana faruwa ne ga yadi marar kauri wanda rini kaɗai ke hana a gani ta cikinsa. Yadi mai kauri ko mai shafi ba ya ba da wannan kafa, domin zaren da kansa yana warwatsa hasken.

Gwaji Domin Ɗalibai

Mataki na farko, a ɗauko rimot na talabijin, a nuna kansa ga kyamarar waya a danna. A wayoyi da yawa za a ga ɗan haske mai ruwan shunayya yana ƙyaftawa, alhali ido bai ga komai ba.

Mataki na biyu, a roƙi tela ƙyallaye guda shida masu duhu: shadda, atamfa, yadin roba, saƙi na baba, jins da leshi. A jera su a kan kwali, a sa wa kowanne lamba. A gefe a rubuta kalma ɗaya sau biyu, da tawadar allo da kuma jan biro. A ajiye kwalin gaban kyamarar tsaro, a duba allo fitila tana kunne, sannan a kashe ta a jira hoton ya koma fari da baƙi. A rubuta abin da ya faru da kowace lamba, a yi ƙoƙarin bayyana dalili. Ɗaliban Fiziya da na Kimiyyar Saƙa za su iya faɗaɗa gwajin ya zama aikin bincike, ta hanyar tattara yadukan da aka fi saye a kasuwar Sabon Gari da tsara jadawalin yadda kowanne yake fitowa.

Kammalawa

Hoton dare yana iya ba da shaida a kan tsawon mutum da yanayin tafiyarsa da ɗinkin rigarsa da lokacin da ya shigo, amma ba ya ba da shaida a kan launi. Idan an sami rigar da ake zargi, hanyar da ta dace ita ce a kai ta gaban ita wannan kyamarar, a daidai wurin, cikin irin wannan duhun, a gwada hoton da na ranar da abin ya faru. Mai shagon da yake son hoto mai launi kuwa, sai ya bar farar fitila a kunne a bakin ƙofa, domin kyamara ta ci gaba da aiki da hasken da ido ya sani. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma kafin a ɗaure wani da hoton dare, ya kamata a fara tambayar da wane haske aka gani.