Jiya ya gane kowa, yau bai gane ɗansa ba

A gidaje da dama a Tudun Wada, Kiru da Doguwa, idan dattijo ya kawo tarihin gonarsa tsaf da safe, da yamma kuma ya kasa gane matarsa, sai a ce da gangan yake yi, ko a ce iska ce. Mu ma'aikatan lafiya wannan hawa da saukar muke fara tambaya, domin alama ce ta gigin tsufa, musamman nau'in da ake kira na Lewy. Ƙwaƙwalwa sassa ce masu aika wa juna saƙo ta jijiyoyi, kuma cutar takan lalata hanyoyin saƙon tun kafin sassan su mutu. Kamar rafi ne ya cinye hanyar ƙauye da damina: garin yana nan, kasuwa tana nan, wani lokaci a ƙetare, wani lokaci a kwana a bakin ruwa. Rashin barci, zazzaɓi ko ciwon fitsari kan ƙara tsinke saƙon.

Za a ce ai tsufa ne, kowa zai je can. Binciken da aka yi a Zariya, wanda ya fito a 2011, ya samu cutar ga kusan kashi 3 cikin 100 na tsofaffin da aka duba, wato mafi yawa hankalinsu garau. Wasu kuma za su ce gwajin cutar na masu kuɗi ne. Gaskiya ne, a 2025 Amurka ta amince da gwajin jini mai nuna sinadaran amiloid da tau na cutar Alzheimer, kuma bai iso ƙauyukanmu ba. Sai dai an sha samun sinadaran jibge a ƙwaƙwalwar mutanen da suka rasu da hankalinsu, don haka gwajin shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Bayanin mai jinya, yaushe ruɗewar ke tashi, yaushe take lafawa, ya fi amfani ga likita a nan.

Kwamitin mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na cutar na da nasaba da abubuwan da ake iya magancewa, irin su hawan jini, ciwon suga da raunin ji. Ku riƙa auna jinin iyayenku. Idan ruɗewa ta zo farat ɗaya, ku kai su asibiti a ranar.