Hular Gashi Ga Wadda Gashinta Ya Zube: Shawarwari Goma Ga Sabon Shiga

Zubewar gashi larura ce da mata da yawa ke fama da ita a ɓoye. A waje hijabi da ɗankwali sun rufa asiri, amma a cikin gida, ko ranar biki da suna, abin yakan dami mai shi. Shi ya sa wasu ke neman hular gashi, wadda masu shago ke kira wig. Yawancin bayanan da ake gani a waya an yi su ne don ƙasashe masu sanyi. Mu a Tsibiri, da sauran garuruwan Maradun, Bakura da Talata Mafara, muna da zafin bazara, ƙurar hunturu, ga kuma alwala a kullum. Hular da ta dace da mu ita ce wadda ake sawa a cire cikin sauƙi, ba wadda ake liƙewa da gam ta yi makonni a kai ba.

1. Fara sanin abin da ya zubar da gashin

Kowane mutum yakan zubar da silin gashi 50 zuwa 100 a rana, wannan ba ciwo ba ne. Abin dubawa shi ne idan fatar kai ta fara bayyana. Mai jego takan ga gashinta na zuba wata uku zuwa huɗu bayan haihuwa, kuma yakan dawo da kansa kafin jariri ya shekara. Ƙarancin jini, doguwar jinya, ciwon maƙoƙo da maganin ciwon daji duk suna zubar da gashi. Haka ma kitso mai tsauri da man miƙar da gashi, su ne ke cinye gaban goshi. Idan akwai ƙaiƙayi, ɓawo ko ƙuraje, wataƙila makero ne, shi kuwa ba ya jin man shafawa kaɗai, sai an sha magani na makonni. Uwargida, ki je babban asibitin Talata Mafara ko asibitin da ya fi kusa da ke, idan abin ya fi ƙarfinsu su tura ki Gusau. Kada ki rufe kai mai ciwo da hula.

2. Tambayi malami kafin ki kashe kuɗinki

Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ya hana ƙarin gashi, kuma dalilin zuwansa wata amarya ce da ƙyanda ta zubar mata da gashi. Saboda haka malamai da yawa, musamman na mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasarmu, sun tsaurara a kan lamarin. Malaman Hanafiyya sun sassauta idan abin da aka ƙara ba gashin mutum ba ne. Wasu malaman zamani, irin su Shaikh Ibn Usaimin, sun halatta hular gashi ga macen da ba ta da gashi sam, domin a ganinsu rufe aibi ne. Ki kai wa malamin da kika yarda da iliminsa bayanin halin da kike ciki. Abin da babu saɓani a kansa shi ne yaudara: budurwa ko bazawara ba za ta ɓoye wa mai neman aurenta gaskiya ba.

3. Bambance gashin roba da gashin mutum

Iri biyu ne a kasuwa. Na roba zare ne da ake yi a masana'anta. Ya fi araha, ba ya warwarewa bayan wanki, amma ba ya shiri da wuta, kuma idan ana sa shi kullum yakan gaji cikin wata huɗu zuwa shida. Na mutum kuwa yawancinsa daga Indiya da wasu ƙasashen Asiya ake tattaro shi, a sarrafa shi a Sin, musamman a birnin Xuchang. Ya fi laushi, yakan kai shekara ko fiye, amma yana da tsada, kuma shi ne malamai suka fi tsananta hani a kansa. Ga sabon shiga, gajere na roba mai ramuka a gindi, inda iska za ta riƙa shiga, ya fi sauƙin riƙewa. Sai dai araha ba ta ado: mai ƙyalli kamar leda daga nesa ake gane shi.

4. Auna kanki kafin saye

Ki ari tef ɗin tela, ki zagaya da shi daga gaban goshi, ta bayan kunne, zuwa ƙeya, ki dawo goshi. Matsakaicin kai yakan kama santimita 54 zuwa 57. Ki rubuta lambar ki ba wanda zai sayo miki hular daga Gusau, Sakkwato ko kasuwar Sabon Gari ta Kano. Wadda ta matse tana sa ciwon kai, wadda ta yi yawa kuma tana zamewa. Ki zaɓi launin da ya yi daidai da gashinki na asali, kuma ki duba shi a hasken rana, kada ki dogara da fitilar shago ko hoton waya.

5. Shirya kai kafin a ɗora hula

Ki wanke kai ya bushe sarai. Idan akwai sauran gashi, mai kitso ta yi miki kitso kwantacce zuwa baya, kuma ki gaya mata ta sassauta hannu, domin ja shi ne ke ƙarasa ɗan gashin da ya rage. Daga nan ki sa siririyar hular ciki, ta auduga ta fi, don ta tsotse gumi ta kuma hana kaushin gindin hular gurzar fata. Ki tanadi biyu ko uku, kina wankewa kina sauyawa kullum.

6. Yadda ake sa ta

Ki riƙe hular ta ƙeya da hannu biyu, ki sunkuyar da kai, ki ɗora gabanta a goshi, sannan ki ja ta baya har ta zauna. Bakinta ya tsaya inda gashi ke farawa, wato kimanin faɗin yatsu huɗu sama da gira. Ki taɓa 'yan kunnuwanta biyu na gefe, ki tabbatar sun yi daidai da juna. A ƙeya akwai maɗauri mai ƙugiya, da shi ake ƙara matsi ko a rage. Wasu suna da ƙananan mataji a ciki. Kada ki riƙa soka su a wuri ɗaya kullum, suna tsinke gashi. Idan za ki hau kabu-kabu zuwa kasuwar Talata, ɗankwali da aka ɗaura sosai a samanta ya isa ya hana iska ɗauke ta.

7. Yi hattara da gam

A nan ne sababbin shiga suka fi cutuwa. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, gumi yakan taru a ƙarƙashin gam, ya haifar da wari da ƙuraje. Ga kuma ibada: shafar kai a alwala da isar ruwa ga fatar kai a wankan tsarki ba za su yiwu ba idan an liƙe kan. Idan dole sai kin yi amfani da gam ranar biki, ki sayi wanda aka yi domin fata, ki ɗiga kaɗan a bayan kunne ki jira kwana biyu. In wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, ki bar shi. Wajen cirewa, ki shafa man cire gam ko man zaitun, ki jira ya saki da kansa, kada ki fizga. Gam ɗin takalmi ko na liƙin roba kuwa, ko kusa da kai kada ya zo.

8. Wanki da shanya

Bayan sawa shida zuwa takwas ki wanke ta, a bazara kuma ko ba ta kai haka ba. Ki fara tsefe ta da mataji mai faɗin haƙora, daga ƙasa zuwa sama. Ki zuba ruwan sanyi mai tsabta a roba, idan na rijiya ne ko na rafi ki bari ya kwanta ki tace. Ki sa shamfu kaɗan, ki jiƙa ta minti biyar, kina motsa ta a hankali, ba cuɗawa ba murɗawa. Omo da sabulun wanki suna busar da ita. Ki ɗauraye, ki tsane ruwan da tawul, ki kifa ƙwarya ki ɗora hular a kanta a inuwa. Rana tana cinye launinta, kuma ba a taje ta tana jiƙe.

9. Nisanta ta da murhu, ki adana ta daga ƙura

Gashin roba yana ƙanƙancewa da zarar ya ji hucin wuta, kuma ba ya gyaruwa. Ki cire hular kafin ki hura itace, ki buɗe tukunya mai tururi ko ki tsuguna turaren wuta. Da hunturu ki sa ta a jakar yadi ko kwali, da damina kuma ki tabbatar ta bushe kafin ajiya don kada ta yi fumfuna. Kada ki kwana da ita. Da dare ki bar fatar kai ta sha iska, ki shafa ɗan man kaɗanya idan ta bushe. Ba a aron hula ko mataji, domin ta nan makero da kwarkwata ke yawo tsakanin 'yan gida.

10. Maigida da yara

Maza masu sanƙo su ma ana tallata musu wani ɗan faifan gashi da ake liƙawa a tsakar kai. Sai an aske wurin, a liƙa, a riƙa komawa wurin gwani bayan 'yan makonni, ga kuɗi ga matsalar alwala. Maigida, aski mai kyau wurin wanzami da hular da ta zauna daidai sun fi maka sauƙi. Yarinyar da gashinta ke zuba kuwa asibiti take buƙata da hutu daga kitso mai ja, kuma a hana 'yan'uwanta yi mata dariya.

Hular gashi tana rufe kai ne kawai, ba ta tsirar da gashi. Uwargida, ki fara da likita, ki ji ta bakin malami, sannan idan kin yanke shawarar saye, ki ɗauki mara nauyi wadda za ki iya cirewa da hannunki a duk lokacin da aka kira salla.