Sun Ce Mini "Aggressive": Yabo Ne Ko Zagi?

TAMBAYA: Ni matashi ne, ina rakiyar motar albasa daga Madawa zuwa Gana. Karatuna na Faransanci ne, Ingilishi kuwa a hanya nake tsintarsa. Abokin hulɗar maigidana a Akara ya ce ni yaro ne "aggressive", yana faɗa yana dariya, har da dafa kafaɗata. A wannan tafiyar kuma wata mata mai sari ta ce mini "too aggressive", ta juya ta tafi ba ta saya ba. A lakwal an koya mana cewa "agressif" mai neman faɗa ne. Shin zagina suka yi su biyun? Abin ya tsaya mini a rai, don ban tashi a gidan da ake faɗa ba. Daga Ɗan Madawa.

AMSA: Allah ya sa albarka a nema, ya tsare hanya. Idan na fahimce ka, kalma ɗaya aka jefe ka da ita sau biyu, sau ɗaya da fara'a, sau ɗaya da ɗaure fuska, kana so ka san ko mutuncinka aka taɓa.

Kwantar da hankalinka. Mutumin farko yabonka ya yi. Ita kuwa matar ƙorafi ta yi a kan yadda ka yi ciniki a ranar, ba ta ce kai mutumin banza ba ne. Wanda irin wannan magana ta hana shi sukuni tun daga Akara har gida, da wuya ya zama mafaɗaci.

Malaminka na lakwal bai yi kuskure ba. Kalmar Ingilishin da ta Faransancin duk daga Latin suka fito, daga wata kalma mai nufin takawa zuwa wajen wani. Ma'anarta ta farko ita ce takala: wanda ya fara kai hannu, ko ya fara ɗaga murya, ba a tsokane shi ba. Haka ake faɗar ta a kan kare mai cizo, da direba mai kutse yana matse na gabansa, da mashayin da ke neman rigima a tasha. Haka take ma a bakin gwamnatoci. A 1974 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 3314 don fayyace abin da ake kira "aggression", wato wata ƙasa ta far wa wata da makami. Yarjejeniyar da Nijar da Mali da Burkina Faso suka sa wa hannu ranar 16 ga Satumba 2023 ita ma ta yi amfani da takwararta ta Faransanci a wannan ma'ana.

Sai dai masu Ingilishi, musamman Amurkawa, sun ja kalmar zuwa kasuwa da filin wasa, a can kuma ta zama himma da naci da zafin nama. Ɗan kasuwar da ba ya zama a inuwar mota yana jiran mai saye, wanda tun asuba ya zagaya ya san farashin kowa, ya kira wannan a waya, ya tare wancan, shi ake ce wa haka. Abin da abokin hulɗarku ya gani a wurinka ke nan. Ka duba kokowa. Akwai ɗan kokowar da ke ja da baya yana jiran abokin karawa ya yi sake, akwai wanda da an busa yake shiga ya nemi ƙafa. Na biyun ne mai sharhi da Ingilishi zai kira "aggressive", kuma bayan an tashi sai ka gan su sun rungume juna.

Ga yadda za ka riƙa rarrabewa. Ka tambayi kanka: wannan zafin, a kan me aka ce na sauke shi? In a kan aiki ne, ko neman kasuwa, ko wata matsala, yawanci yabo ne. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, a yankin Buza, don kare gonaki daga iska, daga 1984 kuma aikin raya karkara na Keita ya shiga gina shingayen dutse da farfaɗo da fako. Marubucin Ingilishi zai iya kiran irin wannan yaƙi da zaizayar ƙasa da wannan kalma, ba wanda zai ji haushi. In kuwa a kan mutum aka ce ka sauke zafin, to suka ne. Ƙaramar kalmar nan "too" da matar ta sa a gaba tana nufin abu ya wuce kima, kuma duk inda ka ji ta tare da wannan kalma, ba yabo ake yi ba.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani. Cinikinmu na gida da murya ake yin sa. Mai saye ya taya, ka ce albarka da ƙarfi, ya juya zai tafi, ka riƙo hannun rigarsa, ka rantse da abin da ka biya wurin sayo kayan, dillali ya shiga tsakani ya haɗa hannuwanku. Mu a wurinmu wannan duk cikin raha ne. Matar da ba ta tashi cikinsa ba, ga baƙon namiji ya matso kusa da ita, murya sama, yana nuna buhu yana nuna ta, cikin Ingilishin da bai gama nuna ba, abin da za ta ji shi ne ana tursasa ta. Ƙarancin harshe ma yana ƙara wa magana kaushi, domin mai kalmomi kaɗan umarni yake bayarwa ba da niyya ba: zo, saya, biya.

Saboda haka in ka koma, ka fara da gaisuwa, mutanen Gana suna girmama ta kamar yadda muke yi. Ka bar tazara tsakaninka da mai saye, mace ce ko namiji, kada ka taɓa hannu ko tufa. Ka buɗe bakin buhu ta zaɓa ta latsa da kanta, ka faɗi farashinka sau ɗaya a natse, ka yi shiru ta yi magana. In ta tafi, ka yi mata godiya, sau da yawa mai sari yakan zagaya ya dawo. Akwai wata kalma da suke yaba mutum da ita ba tare da wani ɗaci ba, "assertive", wato mai tsayawa a kan maganarsa ba tare da ya taka kowa ba. Ita ce ta fi dacewa da mai sayar da kayan wani, wanda ba shi da ikon karya farashi.

Kada kuma kai ka yi saurin yaba wa wani da kalmar, musamman babba ko mace, don ba kowa zai ɗauke ta yadda ka nufa ba. Ka ce mai ƙwazo ne, ya wadatar.

Abu ɗaya ya rage, saboda masu karatu da ke kai marasa lafiya asibitin Galmi ko Sakkwato, inda ake jin Ingilishi a bakin likitoci. In likita ya kira ciwo da wannan kalma, kamar ciwon daji, yana nufin mai saurin yaɗuwa ne. In magani ya kira haka, yana nufin mai ƙarfi ne, za a ba shi ba sassauci, kuma zai iya wahalar da jiki. A nan kada a yi kunya, a nemi mai fassara, a tambayi likitan ranar da ya kamata a fara maganin da abin da za a tanada kafin ranar.