Hoton Ɗinki a WhatsApp Ba Ya Nuna Abin da Ke Cikin Ciki

Wata mata da aka yi wa aikin haihuwa, haihuwarta ta biyu, an sallame ta lafiya ƙalau tana tafiya da ƙafarta. Kwana biyu da komawa gida zazzaɓi ya rufe ta da rawar sanyi, jinin biƙi ya fara wari. Maimakon a mayar da ita inda aka yi mata aikin, sai maigidan ya ɗaga bandeji, ya haska fitilar waya, ya ɗauki hoton ɗinkin ya tura wa wani da ake kira "Dokta" a zauren WhatsApp na unguwa. Amsa ta zo nan take: ɗinki ya yi kyau, maleriya ce, a sayo maganinta a kemis a haɗa da kafso. Bai tambayi bugun zuciyarta ba, bai tambayi ko tana fitar da iska ba, bai ma tambayi ranar da aka yi aikin ba. Aka yi kwana uku ana tura hoto yana cewa a ci gaba da magani. Ranar da aka kawo ta, ciki ya kumbura ya yi tauri, fitsari ya ɗauke, idanu sun faɗa. Ɗinkin fata kuwa yana nan tsaf, kamar yadda hoton ya nuna. Da aka sake buɗe ta, ɗinkin mahaifa ne ya ruɓe ya saki, mugunya ta cika ciki. Ta rayu, amma sai da aka cire mahaifar.

Abin haushin shi ne irin waɗannan mutane da kimiyya suke fakewa. Ka yi magana su ce ai yanzu duniya ta ci gaba, har tiyata ana yi daga nesa. Gaskiya ne, an yi. Ranar 7 ga Satumba 2001 Farfesa Jacques Marescaux yana birnin New York ya cire wa wata mata mai shekara 68 maɗaciya tana kwance a Strasbourg ta Faransa, ta hanyar na'urar Zeus. Sai dai ba sa faɗin cewa layin sadarwa na musamman aka keɓe wa aikin, kuma akwai likitocin tiyata tsaye a kanta, a shirye su karɓa da hannu in wani abu ya kuskure. Ko a ranar da fasahar ta fi burge duniya, ba a bar maras lafiya ita da allo kaɗai ba.

Binciken da ya fi kusa da matsalarmu shi ne na bibiyar ciwo bayan sallama. A Edinbura an gwada marasa lafiya kusan 500 da aka yi wa tiyatar ciki ta gaggawa, sakamakon ya fito a 2021. Waɗanda aka ba su tsarin waya, damar gano ruɓewar ciwonsu a makon farko ta ninka ta sauran kusan sau huɗu. To amma duba yadda tsarin yake. Maras lafiya yana amsa jerin tambayoyin da aka tsara, ya haɗa da hoto, likitan tiyata ya duba, in akwai alamar haɗari a ce masa ya zo. A asibitin gundumar Kirehe ta Ruwanda an gwada makamancinsa ga matan da aka yi wa aikin haihuwa, inda ma'aikatan lafiya na ƙauye ke zuwa gida su ɗauki hoto su aika wa likita. Tsarin ya yiwu, amma hoton ya kuskure kaso mai yawa na masu ciwon. Wannan fa a hannun likitoci na gaske ke nan. Duk a wuraren nan aikin wayar shi ne ta hanzarta dawo da maras lafiya asibiti. A namu zaurukan kuwa ana amfani da ita ne don a zaunar da shi gida.

Za a ce asibiti nisa, kuɗin mota ya yi tsada, likitoci sun yi ƙaranci, in ka je ma layi ne tun asuba. Duk gaskiya ne, kuma shi ya sa nake goyon bayan bibiya ta waya, in dai daga inda aka yi aikin take. Amma ƙarancin nan ƙara mana haɗari yake yi. Binciken GlobalSurg na 2018 a ƙasashe 66 ya nuna ciwon tiyatar hanji yana ruɓewa a kashi 23 cikin ɗari a ƙasashe matalauta, alhali a masu arziki bai kai kashi 10 ba. A shekarar kuma wani bincike a ƙasashen Afirka 25 ya gano cewa marasa lafiyarmu, duk da sun fi ƙuruciya, mutuwarsu bayan tiyata ta ninka matsakaicin duniya sau biyu, kuma kusan duk mace-macen bayan an fito daga ɗakin tiyata suke faruwa. Lokacin da ya fi kisa ke nan, shi muke miƙa wa wanda ba mu san ko sunansa na cikin rajistar hukumar likitoci ba. Wani zai ce ai shawarar ta sha yin daidai. Dole ta yi daidai, tunda yawancin ɗinki warkewa yake ko ba a tambayi kowa ba. Mace ɗayar da nata ya lalace daga ciki ita ce ake buƙatar likita dominta, kuma ita ce hoto ba ya kamawa. Kallon murfin tukunya ba ya gaya maka miya ta ƙone.

Mu ma ma'aikatan lafiya akwai gyara a wajenmu. Sallamar da ba a ba da lambar da za a kira ba, ba a rubuta alamomin haɗari da harshen da iyali ke ji ba, ita ke tura mutane hannun 'yan kemis da likitocin bogi. Layin waya ɗaya a kowane sashen tiyata, da nas mai jerin tambayoyi, bai fi ƙarfin kowane asibiti ba.

Zazzaɓi bayan tiyata ba maleriya ba ne sai an gwada an kuma taɓa ciki. Kumburin ciki, amai, rashin fitar iska, raguwar fitsari, jini mai wari, numfashi sama-sama: kada a ɗauki hoto, a ɗauko maras lafiyar. Kada a shafa toka, man zafi ko garin kafso a kan ɗinki. Kada a cire zare a kemis. Wanda bai yi aikin ba, bai ga takardar sallama ba, ba shi da hurumin cewa ɗinki ya yi kyau. Kuma na sake faɗa, zazzaɓi bayan tiyata asibiti ake kai shi, a ranar, ko da dare ne.