Shawarwari Kafin Sayen Kayan Taimako Ga Ɗalibi Mai Buƙata Ta Musamman

Gidaje da yawa sun ƙuntata wa kansu sun sayi keken guragu ko na'urar ƙara ji, amma kafin zangon karatu ya ƙare kayan na jingine a lungun ɗaki. Galibi an yi sayen ne kafin a yi tambaya.

1. A auna yaro kafin a taɓa aljihu. Na'urar ƙara ji ana saita ta ne bisa gwajin kunne, domin kowane yaro da irin sautin da ke kuɓuce masa. Wadda aka ɗauka a teburin ɗan kasuwa sai ta ƙara masa hayaniyar aji gaba ɗaya, muryar malam ta ɓace a ciki. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga Asibitin Ido na ECWA da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Kuɗin motar zuwa can bai kai asarar kayan da ba su dace ba.

2. Uba ko uwa su taka ƙafa zuwa makarantar. A dubi faɗin ƙofar aji, da matakala, da banɗaki, da filin makaranta. Keken asibiti mai ƙananan tayoyi a gaba nutsewa yake a rairayi. Mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, irin wanda masu walda ke ƙerawa a Kano, ya fi jure hanya, amma da wuya ya shiga tsakanin bencina. A kuma tambayi hedimasta ko akwai malamin da ya iya rubutun makafi ko maganar hannu.

3. A lissafa cefanen na'urar, ba farashinta kaɗai ba. Nan ne aka fi faɗuwa. Ƙaramin batirin na'urar ji da zarar an ɓare takardar bayansa ya fara aiki ke nan, kuma yawanci mako ɗaya zuwa biyu yake yi. Robar da ke shiga kunne tana yin sako-sako idan yaro ya girma, sai ka ji na'urar na fito. Lokacin canji ya yi. Keke yana buƙatar matashin zama mai kyau, domin yaron da ba ya jin ƙugunsa zai iya yin gyambo ba a sani ba, gyambon da kan raba shi da aji wata da watanni. Zubin adashi ɗaya a ware shi don waɗannan.

4. Ga makaho, a fara da allon Braille, wato rubutun makafi, da tsinkensa. Arha ne, ba ya neman wuta. Injin buga Braille na Perkins yana da tsada da nauyi, a bar shi sai karatu ya yi nisa. Kada a biya kuɗin manhajar da ke karanta rubutu da murya: TalkBack na cikin wayar Android, VoiceOver na cikin iPhone, NVDA kuma kyauta ce a kwamfuta. Sai dai a ganina sauraro ba zai taɓa maye gurbin Braille ba. Yaron da bai shafa haruffa da yatsa ba zai sha wuya a ƙa'idar rubutu da lissafi.

5. A zaɓi abin da mai faci da mai waldar unguwa za su iya gyarawa.

6. Kada a raina ƙananan abubuwa. Ga zabiya da mai raunin gani, sau da yawa bencin gaba, da gilashin ƙara girman rubutu, da biro mai kauri sun wadatar.

7. A bar yaron ya gwada, a ji ta bakinsa. Wanda ake yi wa dariya cusa na'urar zai yi a jaka da zarar ya fita ƙofar gida. A roƙi malam ya yi wa 'yan ajin bayani tun ranar farko.

8. A nemi haƙƙi. Dokar hana wariya ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su ilimi kyauta har sakandare, kuma ita ta kafa hukumarsu ta ƙasa. Iyaye, ku haɗa kai da ƙungiyoyin makafi, kurame da guragu na jiharku, ku rubuta buƙatar yaranku ga ma'aikatar ilimi, ku riƙe kwafin takardar, ku yi ta bibiya har a amsa.